Daga Madabo Zuwa Ɗan Agundi a Lamba Biyu

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

'Yata Khadijat ta kawo keken lantarkin. Baƙi ne, mai nauyi, batirinsa maƙale a jikin ƙarfe kamar burodi. Wai likita ya ce in riƙa motsa ƙafar hagun nan, shi kuma wannan keken in ka taka feda sai inji ya taya ka. Na ce mata shekara talatin da ɗaya ina taka keke daga Madabo zuwa shagona a Ƙofar Ɗan Agundi, babu wanda ya taɓa taya ni. Ta ce, "Baba, wancan kafin ciwon ne." 'Yar nan bakin uwarta ta ɗauko.

Wata bakwai ke nan da shanyewar ɓarin jikin. Hannu ya dawo, alhamdu lillahi, har sukundireba ina riƙewa. Ƙafar ce take jan ƙasa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Hashim ya zo da maganarsa ta kullum. A bar shagon, a ba wani, wa yake kawo gyaran rediyo a zamanin nan. Babban ɗana ne, na san tsoro yake ji, amma yadda yake magana sai ka ce an riga an yi mini wanka an sa a likkafani. Na ce in na kai kaina shagon na dawo fa? Ya ce, "In kun je da kanku kun dawo lafiya, na bar maganar, Baba." Matata Hauwa tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji. Ita ce shaidata.

Talata, 9 ga Satumba

Na faɗi.

Taka ɗaya na yi, keken ya yi zillo kamar an tsikari jaki. Ni da shi da katangar maƙwabci. Gwiwa ta goge, babbar riga ta sha kwata. Hauwa ta fito a guje, ta duba ni sama da ƙasa, da ta tabbata ban karye ba sai ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Shekara arba'in da aure, na san dariyarta ko ta baya ce.

Ashe injin keken a lamba biyar yake, ƙarshen ƙarfinsa. Haka ya zo daga kanti. Ba a gaya wa Hashim ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na kifa keken a zaure, tayoyi a sama. Ina juya feda da hannu ina saurare. Duk abin da yake da waya a ciki yana magana, sai dai in mutum bai iya ji ba. A gindin fedar akwai wani faifai mai maganaɗisu goma sha biyu, na ƙirga. Shi yake gaya wa injin cewa ƙafa tana aiki. To ga matsalar: ƙafar dama ta taka da ƙarfi, inji ya fizga. In aka zo kan ta hagu sai ta yi nauyi, fedar ta ɗan tsaya, inji ya ɗauka na daina, ya ɗauke. Dama ta sake takawa, ya sake fizga. Ashe ba ni ne ban iya ba. Mai ƙafa biyu lafiyayyu aka ƙera wa shi.

Na ci tuwo malmala biyu yau.

Juma'a, 12 ga Satumba

Bayan masallaci na kira Khadijat ta zo ta karanta mini takardar keken, don rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata. In ka danne wasu maɓallai biyu tare ka riƙe, ɗan allon da ke kan keken yana buɗe wani wuri na ɓoye. Ta ce, "Baba, an rubuta kada a taɓa nan fa." Na ce duk rediyon da na buɗe a rayuwata haka aka rubuta a bayanta.

Abu uku na samu da suka shafe ni: ƙarfin da yake tashi da shi, daɗewar da yake yi kafin ya ɗauke in feda ta tsaya, da iyakar gudu. Na rubuta lambobin da ya zo da su a bangon wannan littafin kafin in taɓa komai.

Litinin, 15 ga Satumba

Ƙarfin tashi daga biyar zuwa ɗaya: ya yi sanyi da yawa, keken yana tangaɗi kafin ya kama. Biyu: dama-dama. Jinkirin ɗaukewa na ƙara masa kaɗan, kaɗan, kamar ana neman tashar rediyo da hantsi. Sau tara na zagaya lungu. A na tara ƙafar hagu ta wuce saman feda injin bai sake ni ba. Bai fizga ba, bai ɗauke ba, ya dai riƙe ni har damar ta karɓa.

Na tsaya a bakin zaure na daɗe. Ban san me ya shiga idona ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Allo ya nuna ina gudun arba'in da biyu. Na shigo gida ina gaya wa Hauwa. Ta ce ta leƙo ta gan ni, akuya ma ta wuce ni. Na koma na duba, ashe girman taya na sauya da kuskure. Tara nake yi.

Asabar, 20 ga Satumba

Ruwa tun safe. Ƙafa ta ƙi. Ban fita ba, ban yi magana da kowa ba.

Talata, 23 ga Satumba

Jinkirin da na ƙara yana da nasa sharrin: ka daina takawa yana ci gaba da turawa, na kusa shiga tiren mai gurasa. Na rage shi da ɗaya. Na kuma ɗaure wayar birkin hagu ta yadda da na ɗan taɓa shi inji zai mutu. Iyakar gudu sha takwas. Wanda ya ƙera keken nan da zai zo Madabo da na koya masa abu biyu.

Har Jakara na je na dawo. Lamba uku a tafiya, biyu a dawowa, don in ga ƙafar za ta iya. Ta iya.

Litinin, 29 ga Satumba

Na je! Na je na dawo!

Ƙarfe takwas na fita, Hauwa ta tofa mini addu'a a ka. Lungunanmu a lamba ɗaya, don yara da awaki. Da na hau titi na sa biyu. A Mandawari 'yan adaidaita sahu suka cushe hanya, wani ya tsaya cak a gabana, na taɓa birki, keken ya tsaya kamar mai jin magana. Na sa ƙafar dama a ƙasa. Da hanya ta buɗe na taka, ya tashi a hankali, babu zillo. A nan na san na gama da shi.

Minti talatin da huɗu. Ɗantani mai walda, maƙwabcin shagona, yana tsugune yana aiki. Ya ɗaga gilashinsa ya dube ni, ya sauke, ya sake ɗagawa. "Malam Maharazu? Kai ne ko aljaninka?" Ya rungume ni da baƙin hannunsa, riga ta biyu ke nan da keken nan ya ci.

Kwaɗon shagon ya yi tsatsa, sai da muka ɗiga masa mai. Ciki yana nan yadda na bar shi. Rediyon wani tsoho da na buɗe ranar da ciwon ya kayar da ni tana kan tebur, sukurorinta huɗu a murfin kwalba. Na zauna na ƙarasa ta. Waya ɗaya ce ta saki. Ta yi magana kafin azahar.

Da na dawo na kira Hashim. Ya ce, "Masha Allah, Baba. Na bar maganar." Ko tambaya ɗaya bai yi ba. Na yi mamaki.

Laraba, 1 ga Oktoba

Mutum uku sun kawo aiki. Ɗaya ma keke irin nawa ya turo, wai Ɗantani ya ce masa akwai mai saita su. Na saita masa.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Yanzu na gane me ya hana Hashim tambaya. Na sa wa keken madubi jiya. Yau a Jakara na hango jan babur a baya, nesa-nesa, mai shi ya rufe fuska da hular kwano. Ni zai ɓoye wa? Na san zamansa a kan babur tun yana koyo. Har Ɗan Agundi ya bi ni, sannan ya juya ya nufi wurin aikinsa. Da na tambayi Ɗantani ya sunkuyar da kai, ya ce tun ranar Litinin Hashim yake bina.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Hauwa ta ce, "To ka hana shi mana." Zan hana shi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban samu lokacin yi masa maganar ba tukuna.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na rage iyakar gudu zuwa sha biyar. Batir zai fi daɗewa.

A Mandawari yau wata motar yashi ta gitta tsakanina da Hashim, na duba madubi babu jan babur. Na gangara gefe kusa da mai ƙosai na tsaya. Ɗaurin madubin ne ya ɗan saki, dole a gyara. Na ɗaure shi, na kwance, na sake ɗaurewa. Da yake na tsaya, na sayi ƙosai, matar ta zuba ya yi mini yawa.

Can sai ga shi ya ɓullo yana waige-waige. Da ya gan ni ya taka birki daga nesa, ya rasa inda zai sa kansa. Na ɗaga masa ledar.

Ya cire hular ya matso. Muka ci a tsaye. Da zan hau ya riƙe mini keken, na bar shi ya riƙe.