Rigar Sanyin Baba da Turaren Anti Rabi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ƙara na kawo miki. Ƙarar mijinki ce, da ta ƙanwarki. Masu karanta shafin nan za su ce ba ni da kunya, to su yi haƙuri, ba ni da kotun da ta wuce ke.

Tun da kika rasu muka ɗauko Baba daga Ningi muka kawo shi gidana a Dagenham, nan gefen London. Umma, mutumin da kika bari ba shi ne ya sauko daga jirgi ba. Wuni yake yi a kujerar bakin taga yana kallon bas-bas suna wucewa. Abinci loma biyu ya ture. In na yi masa zancen wani abu da za a yi nan gaba, sai ya ce shi jiran lokaci kawai yake yi. Bara ciwon huhu ya kwantar da shi a asibiti, har likita ya ja mini kunne a kan sanyi, ni da nake aikin jinya.

Sai ga maƙwabcinmu, wani tsohon Bature mai suna Graham, wanda ya yi ritaya daga aikin ƙera motoci. Yana da lasisin harbin barewa a wani daji can bayan gari, inda suke yin yawa har su ɓata gonaki. Ta kan katanga suka saba da Baba, da guntun Turanci da nuni da hannu. Da ya gane Baba tsohon mafarauci ne, ya gayyace shi rakiya a watan Disamba. Ba bindiga za a ba shi ba, zama kawai zai yi kusa da shi. Ranar na ga Baba ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa bango ba, kuma daga ranar na daina hutawa.

Akwatinsa ya buɗe ya ciro rigar farautar nan da kika sani, ta saƙi, mai layu, wadda ko hannu ba ta da shi. Wai da ita ya kwana a dajin Burra, da ita zai je. Na yi masa bayani har bakina ya bushe. A gida tafiya kuke yi, Baba, ku bi sawu, ku yi gudu, jiki ya ɗau zafi. A nan zama ake yi wuri guda tun asuba, ƙasa daskare, ga yayyafi ba ya gajiya. Ya ce to zai ɗora kaftani uku. Na ce auduga ce, in ta sha gumi ko ruwa ita za ta riƙe masa sanyin a ƙirji. Na rantse masa ba rigar sanyi ta gaske, ba tafiya.

Da kin ga abin da ya yi mini a kantuna, da kin tausaya mini. Kowace riga sai ya goga hannunta a jikinta ya kasa kunne. Mai kumburin nan da kowa ke sawa a London, wai surutunta ya yi yawa, barewa za ta ji shi tun daga mota. Wata wai tana ƙyalli. Mai ruwan lemo a ciki, wai shi ba mai gyaran titi ba ne. Mun samu wata mai kyau, ruwa ba ya ratsa ta, ya ɓare murfin aljihunta ya ji ƙarar da ya yi, ya ajiye ta yana girgiza kai. Wata kuma hannunta ya ƙi naɗuwa zuwa gwiwar hannu, ya tambaye ni ta ina zai yi alwalar asuba. A wani kanti har durƙusawa ya yi a ƙasa yana rarrafe don ya ji ko za ta ɗaure masa kafaɗa, mai kanti na tambayata ko a kira motar asibiti.

Abin haushin, ba duka ya yi kuskure ba, ni ma ban yi ba, shi ya sa rigimar ta ƙi ƙarewa. Daga ƙarshe muka dace da wata koriya mai duhu, bayanta laushi ba ƙara, cikinta ulu, ta sauko har cinya, hannunta na naɗuwa. Na haɗa masa da 'yar ciki ta ulu da safa mai kauri da hula mai rufe kunne. Ya shinshina ya ce warin kanti take yi, ya kai ta rumfar bayan gida, wadda a nan ake kira shed, ya rataye don iska ta wanke ta.

Sai ƙanwarki Anti Rabi ta zo daga Camberwell ranar Juma'a, ina wajen aiki. Ta ga sabuwar riga a waje, ta ɗauko ta, ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wuta, ta kifa kwando, ta lulluɓe shi da rigar. Ta bi wuyan da humra. Na dawo na tarar na'urar gargaɗin gobara ta ji hayaƙi tana ihu, ita kuma tana fifita da mayafi tana murmushi.

"Haba Hadiza," in ji ta, "a bar shi ya shiga motar Bature yana warin shed? Na yi treating ɗinta sosai, har lining ɗin ya kama."

Baba bai yi faɗa ba. Ya shinshina sau ɗaya, ya koma kujerar taga, ya ce in gaya wa Graham a yi cancel. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Tsoro ya kama ni, don na san in ya zauna a kujerar nan wannan karon ba zai sake tashi ba.

A nan na tuna da ke. Duk unguwa ba wadda ta kai ki son turare, amma rigar farautar Baba ba ta taɓa shiga ɗakinki ba. A reshen tsamiyar bayan gida kike rataye ta, kina ce mana naman daji da hanci yake gani. Anti Rabi a gidan ta girma, ban san ina ta ajiye kunnenta ba.

Na ɗauraye rigar da ruwa zalla har hannuna ya yi fari. Na bar ta ruwan sama ya yi ta dukanta. Na je filin shaƙatawa da kayan aiki a jikina ina tsintar busasshen ganye ina cusawa a buhu, masu yawo da karnuka suna kallona. Na tura rigar cikin buhun na ɗaure. Kullum da safe in kai masa ya shinshina, ya kawar da kai. Sai ana gobe tafiya ya ce, "Da dama-dama." Ko sannu bai yi mini ba.

Da asubar ma sai da muka yi. Shi lallai rigar layu ce za ta taɓa fatarsa, ni lallai ulu. Muka rabu a kan ulu a ciki, ta layu a kai, sabuwar a sama. Na ja masa zif har haɓa, ya sauke, na sake ja.

Bayan la'asar suka dawo hannu wofi. Wai barewa ɗaya ta fito, ta ɗaga hanci, ta juya, kuma har yanzu Baba ya ce aikin Rabi ne. Na saurari ƙirjinsa, lafiya lau. Ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Yana wanke hannu ya fara ƙorafi, wai aljihun rigar ya yi ƙasa, wai hular na toshe masa kunne. Na buɗe baki zan rama, sai ya ce, "Baɗi ki nemo mai aljihu a ƙirji."

Baɗi, Umma. Da bakinsa ya faɗa. Na shige kicin na buɗe famfo don kar ya ji kukana.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Allah Ya bar mana Baba da rigimarsa, Ya kai mu baɗin lafiya. Anti Rabi kuma Allah Ya yafe mata, ni dai tukuna.

Taki har kullum,
Hadiza