Shirun Asta

Gwarzo, Litinin

Zuwa ga Sauda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jego, yaya Umma, yaya su Inna da mutanen Masanawa?

Ni jikina lafiya, amma na kasa zama wuri guda. Littafi shida aka aiko mana, ga yara talatin a aji bakwai, sai na raba su biyar-biyar a gindin darbejiya, su karanta su tattauna. Labarin wani makiyayi ne, Jalo, da ya sayar da saniyar amana. Da farko haddacewa suke yi kamar karatun allo. Yanzu kuwa har musu suke, ko ya cancanci a yafe masa.

Asta ce ta tsaya mini a rai, wata 'yar Madadi da ke zuwa da ƙasar gyaɗa a farcenta. Rubutunta ya fi na kowa, amma mako uku ke nan ko tari ba ta yi a cikin ƙungiyarta. Na yi lallashi, na daka tsawa, sai sunkuyar da kai. Ran Alhamis zan ba hedimasta sunan wadda za mu tura jarrabawar makarantar 'yan mata ta Kano. Gurbi ɗaya ne, kuma akwai tambayar baka. Na soke sunanta, amma tun daga nan tuwo ba ya mini daɗi.

Ki gaida kowa. Naki,
Bashari

Gwarzo, Asabar

Zuwa ga Sauda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Umma ta bar ki kina barci.

Ɗanladi direban motar gyaɗa ya kawo mini takardarki ta ajami ran Alhamis da la'asar, bayan na riga na miƙa sunan wata. Tambaya ɗaya kika yi, yaya sunan uban yarinyar. A rajista Asta Madadi muka rubuta, don haka na hau keke har gonarsu. Na tarar da dattijon yana cirar gyaɗa. Jalo sunansa.

Kin ji ni da sunan malami. Mako uku ina tilasta wa yarinya ta kama sunan mahaifinta a gaban sa'o'inta, ta kuma ce ya ci amana.

Jiya a aji na ce daga yau Makiyayi za mu riƙa kiran mutumin cikin littafin. Sauda, har aka kaɗa ƙararrawa Asta ba ta yi shiru ba, ta kayar da ƙungiyar gaba ɗaya. Kunya ta kama ni.

Hedimasta ya ce bakin alƙalami ya bushe, takarda ta tafi Kano. Gobe zan bi ta a kan buhunan Ɗanladi, ban sani ba ko za a saurare ni.

Abin da ya fi damuna, shekara huɗu muna tare ban taɓa jin sunana a bakinki ba, kuma ban taɓa ɗaukar shirunki rashin sani ba.

Ki sa mu a addu'a. Naki,
Bashari