Farar yakuwar Inna

Madawa, 3 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Ummukulsum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Shamsu da ɗiyarmu Rufaida. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya kai haske kabarin Inna. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau a ƙauyenmu Allakaye, gero ya fitar da kai, Baba yana nan da ƙarfinsa, sai dai ya rage magana. Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu. Sau uku ina ɗaukar saƙon murya ina gogewa, kuka ne ke cin ƙarfina. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardun in tura miki yau, don ki karanta kafin Asabar.

Na ga hoton da kika turo shekaranjiya, na kifin nan da kika naɗe da ganyen yakuwa kika zuba masa cukun Beljik. Ke dai ba ki daina ƙirƙire-ƙirƙire ba, tun lokacin da kika matse tsamiya cikin furar Baba kika ce gyara ne. Na yi dariya, har na kai ƙarshen saƙon, inda kika ce ranar Asabar kina da baƙi, za ki yanke yakuwar nan guda ɗaya da ke bakin tagarki ki yi musu miya da ita, tunda sanyi na tafe, kuma iri yana nan gida a hannuna. Ummu, don girman Allah kada ki yanke ta. Babu iri a gida. Ni na kashe shi da hannuna.

Kin san gorar da Inna ke ratayewa a ɗakinta, wadda take adana gurguzun farar yakuwarta cikin toka. Daga hannun Kaka Biba ta gaje shi, kuma duk shekara sai ta shuka shi a gefen gona, nesa da ta kowa. Bayan sadakar arba'in Baba ya sauko da gorar ya miƙo mini, ya ce ni ce babba, in riƙe har ruwa ya sauka. Na zo da ita Madawa. Da kika ce in turo miki hoton irin ki gani, na zazzage shi a faifai, sai na ga duk ya yi furu-furu da toka, ba kyan gani. Na tuna yadda kika koya mini, a shimfiɗa farin ƙyalle kusa da taga, a bar hasken safe ya faɗo ta gefe. Sai na wanke shi tas don ya yi ƙyalli. Hoton ya yi kyau, har kika ce kin sa shi a fuskar wayarki. Daga nan na ga gorar ta tsufa, na juye shi a kwalbar mayonez na rufe gam, ina ganin na fi Inna dabara. Ashe bai gama bushewa ba.

Da aka yi ruwan farko na buɗe kwalbar, warin da ya buge ni ba zan manta shi ba. Ya yi funfuna, ya dunƙule wuri ɗaya. Na tsince waɗanda ke da ɗan dama-dama, na tara gwangwanayen tumatir na huda gindinsu, na jera su a ɗaki bakin taga irin yadda kike yi, don awakin maƙwabta ba sa barin komai a tsakar gida. Kwana ashirin ina ba su ruwa, ina leƙawa kowace safiya kafin in tafi makaranta. Ko ɗaya bai tsiro ba. Na tafi har Bangi wurin Gwaggo Delu, don na san Inna ta taɓa ɗibar mata. Ta ce nata ya gauraye da ja tun shekara uku, kuma kowa yanzu ja yake shukawa saboda bisap, zoɓon sha. Da na gaya mata abin da na yi, sai ta ce ai tokar nan ita ce rigar iri, wa ya ce in tuɓe masa.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni. Kina ta tambaya ko sun fito, ni kuwa na kasa gaya miki. Sai na sayo gurguzun jar yakuwa a kasuwar Madawa na shuka a gwangwanayen. Hotunan tsiron da nake turo miki tun watan Yuli duk na kasuwa ne. Daga sama nake ɗauka, don kada ki ga jan karan. Baba kuma na ce masa bana a ɗaki zan raine su, don ya fi tsaro. Ranar Talata ya zo Madawa a duba masa ido, ya shigo ɗakina, ya tafi kai tsaye bakin taga yana murmushi. Ya sunkuya, ya ɗaga ganye ɗaya da yatsa. Ko da idon nasa marar lafiya ya gani. Ya ce wannan ba ta uwarku ba ce. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna ya ci tuwon da na kawo masa, loma uku ya wanke hannu. Wallahi Ummu, ji na yi kamar ranar ce muka rasa Inna.

Yanzu duk duniya ba ta rage ba sai wadda ke tagarki, cikin ƙwayoyi bakwai ɗin da Inna ta ƙulle miki a bakin mayafi ranar da za ki tafi. Kafin Baba ya hau mota na gaya masa haka. Ya ce in faɗa miki ki daina tsinkar ganyen, kuma yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta, don haka kada ki bar mata fitilar nan da kike kunna wa tsirranki bayan magariba. Ki matsar da ita daga gilashin taga idan sanyi ya shigo. In Allah ya sa ta yi 'ya'ya, ki bari su bushe a jikinta har su fara tsagewa da kansu. Ya tambaye ni ko kuna da toka a can. Na ce ban sani ba. Baƙinki kuwa ki yi musu alayyafo, ki matsa lemun tsami, ba za su gane ba.

Ki gaishe mini da Shamsu, ki shafa mini kan Rufaida. Baba yana gaishe ku, haka Gwaggo Delu, da maigidana Yaƙubu, da yara su Fatiha. Ki yafe mini. Idan kuma takardar nan ta same ki kin riga kin yanke, kada ki turo mini tsohon hoto don ki kwantar mini da hankali. Ki gaya mini gaskiya, ni zan tafi Allakaye in gaya wa Baba da bakina.

Yayarki mai kewarki,
Hafsa