Sun Buga Maganata, Sun Cire Sunana

Rubutuna ya fito a mujalla! Afuwan Malam Ɗanmaliki, assalamu alaikum, ya aiki, ya iyali? Ka taimake ni da shawara, don murnar ta zame mini ɓacin rai.

Ni dattijo ne, da furfurata na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci a Karaye. Malam Shitu ne ya riƙe hannuna har na iya rubuta sunana. Shi da wani Mijinyawa, mutumin Rogo, su ke tace 'yar mujallar ɗaliban yankinmu, mai filin "Ko Kun Sani?"

Da ƙuruciyata na yi aikin hanya da Turawan Italiya. Makanikensu ya taɓa gaya mini cewa a ƙasarsu hoto kawai ake ɗauka a fim, muryoyin daga baya ake sa su a ɗaki. Na rubuta wannan na kai. Suka kira ni suna tambayar inda na samo. Na ce daga bakin ɗan ƙasar na ji, kuma haka muka ga malamai na karɓar ilimi, wane daga wane. Mijinyawa ya ce ji ba hujja ba ne, Malam Shitu ya yi shiru.

Makon da aka haifa mini jika, Turai, mujallar ta fito. Ran suna na miƙa wa surukina ya karanta a gaban baƙin da suka zo daga Kurugu da Ruwan Bago. Inda na ce "duk fina-finansu" an mayar "yawancinsu, a da". A ƙasa kuma sunan wani littafi ne na laburaren Kano, babu nawa. Har yau ana zolayata a kasuwa. Mijinyawa bai dame ni ba, shirun Malam Shitu ne ke cin raina. Na daina zuwa aji. In koma, ko in bar shi har abada? Duk da haka na manna shafin a zaure, mai so ya zo ya gani.

Kakan Turai, Karaye

Wa alaikumus salam Baba, barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya Turai.

Wajen gyaran, gaskiya na tare da su. Makaniken bai ga kowane fim ba, kai ma haka, kuma abin da aka buga yakan kai inda ba ka nan balle ka yi bayani. Tafiyar da suka yi har Kano neman hujja ta nuna sun ɗauki maganarka da daraja.

Wajen cire sunanka kuwa sun yi maka ba daidai ba. Shi littafin, shaida ne kawai, kai ne mai kawo magana, kuma layi ɗaya ya ishe ku duka. Kada ka aika kowa. Ka sami Malam Shitu a gida, ka faɗa masa abin da shirunsa ya jawo maka ran suna, ka nemi fitowa ta gaba ta ce daga gare ka aka samo. In ya ƙi, ka sanar da ni.

Aji kuwa, ka koma. Wasiƙar nan ta zo mini da rubutun hannunka, na karanta ba tare da na yi tuntuɓe ba. Ka san wanda ya koya wa hannun. Allah ya daidaita tsakaninku, ya nuna maka ranar da Turai za ta karanta sunanka a bangon zauren nan.