Yatsana Yana Ƙarƙashin Sunan Buba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani, Wurno.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa da ban gajiyar jama'a. Ni ne Garba mai albasa na Dinawa. Ban yi boko ba, ni ke faɗi surukina na rubutawa, kuma na hana shi gyara min magana.

Na farko. Da kunka ce ba mai samun fegin rani sai ya dangwala yatsa ga na'ura, ban yi gardama ba, na zo ofis bayan kaka. Tebur biyu, na'urar yatsa biyu, kwamfuta guda. Ina ga wannan tebur, Buba na Lahodu na ga wancan, munka dangwala tare. Kowa ya sani tun rikicin iyakar gona ni da Buba ba mu gaisawa.

Na biyu. Ranar rabo na aza yatsana, sai ga sunan Buba da hotonshi. Jama'a sunka yi ta dariya, har wani ya ce min sannu Malam Buba. Shi ko da ya aza nashi sai ga sunana, anka ba shi fegina na bakin ruwa, ni anka tura ni can ƙarshe inda ruwa ba ya kaiwa.

Na uku. Na tsare mai gyaran da kunka ɗauko daga Goronyo sai da ya yi min bayani. Wai tsohon shirinku na ɗaukar rajista ba ya aiki ga sabuwar kwamfuta, shi ne anka gina wata kwamfutar cikin cikinta. Na'urorin nan biyu kuma lamba guda gare su, ta cikin ba ta iya bambanta su, sai ta ɗauki yatsan wannan ta ba wancan. Ya ce tun farko ya gaya wa sakatarenku a sake wa guda lamba ko a cire ta, sakatare ya ce layi zai yi tsawo. To ranka ya daɗe, mi layi ya ci min?

Na huɗu. Yanzu sakatare ya ce ba a goge rajistar sai mun zo mu biyu. Buba kuwa ya aiko wai zai zo in na fara gaishe shi. Irin albasata ya isa dashe, yana neman tsufa, kuma da shi gidana ke cin abinci har damina.

Roƙona shi ne a sake wa na'urar nan lamba kafin ta haɗa wasu, a duba duk waɗanda sunka dangwala tare ranar nan, a mayar min da fegina kafin dashe ya wuce. Buba kuma ku aika mishi da kanku. Zan zo ofis, amma a aje mana benci biyu. Ku kunka haɗa ni da shi, ku za ku raba mu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare yatsanka daga sunan wani.

Wassalam.
Garba mai albasa, Dinawa.