Tutar Halliru a Bakin Gambata

Asabar, 13 Afrilu 2024
Halliru, maƙwabcin gonata, ya dawo garinmu Maikujera daga aikin soja da wata doguwar jaka cike da sandunan ƙarfe, wai na wasan golf ne. Yau na tarar ya haƙa ramuka a gonarsa, ya binne gwangwanayen tumatir, ya kafa tutocin tsumma. Ɗaya tana jikin gambar da Baba ya shuka ta raba gonakinmu. Tare muka yi ƙuruciya, shi ya sa na san bai taɓa yin abu a banza ba.

Talata, 16 Afrilu
Ya zo har zaure wai in fito mu buga bayan la'asar. Na ce baya na ciwo. Ƙarya.

Juma'a, 19 Afrilu
Na laɓe bayan aduwa na kalle su. Har da Yusha'u, wanda yayansa ke raba rigimar gonaki a gidan mai gari. Kafin ya buga sai ya taka daga ƙwallo zuwa tuta, yana motsa baki. Wane irin wasa ne ake auna ƙasa a cikinsa? Matata Bara'atu ta ce zafin rana ne ya taɓa min kai. Ba ita aka bar wa gonar ba.

Lahadi, 28 Afrilu
Na je. Gadi ya kai ni, ba wasa ba. Halliru ya miƙo min sanda, ya gyara min tsayuwa kamar sabon kurtu. Na kai duka, ƙasa ta tashi, ƙwallo tana nan tana kallona. Yusha'u ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni idona na kan tutar nan. Sai nake ganin kamar ta matso.

Alhamis, 9 Mayu
Ta matso. Yanzu tana cikin gonata, bayan gamba. Na tambayi Halliru dalili a gaban Yusha'u.
"Mi kaka tsoro, Uwaisu? Wajenka ƙasa ta fi kwanciya, ƙwallo ta fi gudu. In ba ka so, yanzu ni cire ta."
Na ce a bar ta. In na sa aka cire, gobe gari ya ɗauka cewa Uwaisu ya yi faɗa a kan gwangwani. In na bari, baɗi a ce ai tun bara tutarsa ke wurin. Ko ta ina ya ci.

Laraba, 22 Mayu
Ƙwallona ta faɗa ramin nan na cikin gonata daga nesa. Na ji ƙarar gwangwani har cikin ƙirjina. Wai na yi tsalle, ni ban tuna ba. Halliru ya rungume ni. A hanyar gida na fara tunanin ko shi ya sa rungumar a cikin shiri, don in saki jiki.

Litinin, 10 Yuni
An yi ruwan shuka. Na yi sammako da iri, a shirye nake da rigima. Na tarar Halliru ya riga ni, ya tone gwangwanayensa duka, ya cike ramukan da ke gonarsa. Yana durƙushe a kan na wajena zai cike shi. Layin shukarsa ya tsaya daidai gamba, ko tafin hannu bai ƙetare ba. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa ido.
Na ce ya bar wannan, ya mayar da gwangwanin. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar.
Na shuka ko'ina ban da wannan kusurwar. Na faɗa wa Bara'atu ƙasar wurin ta gaji, tana son hutu. Ta ce bara a nan muka fi samun wake.
Na ce ta kawo min fura.