'Yata Ta Zana Ƙeyata, Kuma Ni Zan Yi Jawabi

Malama mai shawara, don Allah ki taimake ni kafin ranar Laraba. Abokan aiki ba sa shawartuwa a kan wannan, don su ne masu dariyar.

Ni malamin lissafi ne, kuma mataimakin shugaban makaranta. Shekara goma sha biyu da suka wuce, ni na miƙe a taron malamai na ce darasin zane ɓata lokaci ne. Aka ba ni gaskiya, aka raba awanninsa tsakanin lissafi da kimiyya. Malamin zanen, wani dattijo da kullum akwai fenti a farcensa, ya nemi canjin wurin aiki. Ɗakinsa kuwa na mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru.

A gida kuma ga autata, wadda ba ta ganin farar takarda ta ƙyale. Bayan littafi, kwalin sabulu, har takardun jarrabawar da nake kawowa in duba. Na yaga zanenta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Akwai ranar da ta zana mahaifiyarta tana gyangyaɗi a kujera, ya yi kama har na tsaya kallo, sannan na yaga, saboda washegari tana da gwaji. Ba ta yi kuka ba. Da kanta ta tattara gutsattsarin ta zuba a kwandon shara. Na so ta zama injiniya. Ta karanta kuwa, ta kawo takardar shaida ta ajiye a gabana, ta koma kan fentinta.

Bana wata gidauniya mai tallafa wa matasan masu zane ta zaɓe ta. Sun ba ta kayan aiki na shekara biyu, da sharaɗin ta koyar da zane kwana biyu a mako a makarantar da ta ga dama. Duk makarantun garin nan, Malama, ba ta ga dama ba sai tawa. Shugabanmu, wanda ya fi kowa tafa mini a wancan taro, yanzu cewa yake shi dama tun yana yaro yake son zane. Ya sa na kwashe kujerun, ya kuma ɗora mini jawabin buɗe ɗakin ranar Laraba, a kan muhimmancin koyar da zane, wai ai ni ne uban mai abin.

Ba wannan ne ma ya hana ni sakat ba. Zanen da ta ci tallafin da shi za a rataya a ɗakin. Wani mutum ne ta baya, zaune a tebur, jan biro a bayan kunne, yagaggun takardu zube a ƙafarsa. Ba a nuna fuska ba, amma sanƙon nawa ne, kunnuwan ma nawa ne. Har masinja ya gane. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Baba, ai ƙeyarka na fi sani, ita nake gani in kana duba takardu." Da ladabi ta faɗa, har da rusunawa.

Na rubuta jawabin. Na ce tsananin da na yi mata ne ya ƙara mata naci, don haka da hannuna a nasarar. Mahaifiyarta ta karanta, ta miƙo mini, ta shige kicin, na jiyo ta tana dariya. To in karanta shi haka? Ko in ce ba ni da lafiya? Ko in roƙi yarinyar ta canja zane? Wallahi ina alfahari da ita, ban dai san ta inda ake fara faɗa ba.

Malamin Lissafi

*

Malam, sannu da wannan jarrabawa, wadda a karon farko ba kai ne mai duba takarda ba.

Bari in fara ba ka haƙƙinka. Ba ƙiyayya ce ta sa ka yaga takardun nan ba, tsoro ne. Iyaye da yawa sun ga mai zane yana yawo da aikinsa a hammata ba mai taya shi, kuma masu tallafin nan ba su zo ba a lokacin. Ka kuma tsaya mata har ta gama karatu.

Amma jawabi kam, ka bi hukuncin mahaifiyarta. Da yaga takarda ke yin mai zane, da gidauniyar ba ta sayi fenti ba, almakashi za ta raba wa iyaye. Ka tuna a gaban iyayen wasu yara za ka karanta shi, kada su koma gida su ɗora daga inda ka tsaya. Ciwon ƙarya ma ba zai fisshe ka ba, ko ba ka je ba ƙeyarka na bango tana wakiltarka. Canja zane kuwa kada ka ko ambata, ka riga ka yi wa aikinta gyara iya gyara.

Ka lura da abu guda. Yarinyar da ta fid da rai da ubanta ba ta zaɓar wurin da za ta riƙa cin karo da shi a baranda duk mako.

Kafin Laraba ka same ta ita kaɗai, ba a ofis ba, ka ce mata ka yi kuskure, kada ka biyo shi da "amma". Ranar taro ka taƙaita: ni na rufe ɗakin nan, ban kyauta ba, ga wadda za ta buɗe shi. In tsohon malamin zanen yana raye, a nemo shi a zaunar da shi a gaba. Sannan aikin gaske: tallafin na shekara biyu ne, jadawalin darussa kuwa a hannunka yake. Ka mayar wa zane awanninsa a rubuce, don kada ranar da gidauniya ta tattara, darasin ya bi ta.

Ranar da za ta fara shiga aji, ka zauna a bencin baya da fensirinka. Mai furfura ma yana iya zama mai tasowa, ko da yake ban yi maka alkawarin tallafi ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya yi wa auta albarka.